Igiyar da Na Saki a Rijiyar Tsamaye

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sa wagga takarda ta iske ka lafiya, shi sauke ka lafiya, shi haɗa ka da mutanen kirki inda ka tafi. Innarka tana gaishe ka, yayanka Bawa da ƙannenka duk suna gaishe ka. Na tura takardar ƙarƙashin tufafinka cikin akwati don kada ka gan ta sai ka isa kwalejin malamai. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girmana na koyi boko.

Ba labarin gida za ni ba ka ba. Da idonka ka ga gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ka kuma ji manya na cewa farin bana ya ɗauko kamannin wanda anka yi kana ɗan shekara huɗu. Wata magana taka ce ta hana ni sakat.

Ran da muke gyaran danga ka ba ni labarin wani tsohon littafi da kunka karanta a makaranta, wanda mai shi ya rubuta don yi wa mutanen zamaninshi zambo. Ka ce ya auna wa kowa jiki daidai da halinshi. Masu ƙyashi da ƙaramar zuciya ya maishe su 'yan mitsi-mitsi, masu yalwar zuciya kuwa ya yi su ƙatti. Sai ka dubi ɗan jikinka ka yi dariya ka ce, "Baba, ni ke nan an gama da ni." Na taya ka dariya, amma abin ya soke ni. Mai littafin nan ya burge ni, don ya san abin da shike yi. Ya fiddo abin da ke ɓoye cikin ƙirji ya aza shi inda ido za shi gani. Sai dai a littafi ne ake samun wanga sauƙi. Da Allah ya yi mu haka, da shekarar wancan fari ka ga ubanka ya koma abin da za ka sa cikin aljihu.

Ni babba anka haife ni. Tun ban yi gemu ba nike kokawa, daga Tsamaye har Isa babu fagen da ban shiga ba, kuma an daɗe bayana bai taɓa ƙasa ba. Makaɗa na ganina su canza kiɗa. Da haka na taso ina ganin tsawo da ƙirji su ne mutum. In anka ce wane mutumin kirki ne, sai in fara duban kafaɗarshi.

Kawunka Jibo kuwa ka san shi, da ƙyar kanshi ke kai mini hammata. Yayan innarka Rabi ne, ya girme ni da shekara shida, kunya da girmamawa ya kamata su shiga tsakaninmu. Amma ban taɓa ce mishi Yaya ba. Guntu nike ce mishi, a bayan ido da gaban ido. Shekarar da na auri innarka, ran kasuwar Sabon Birni, ina zaune da abokaina sai ga shi tafe da daginshi na haƙar rijiya a kafaɗa. Wani ya ce, "Mainasara, ga yayan matarka nan, tashi ka durƙusa." Na ce ko na durƙusa na fi shi tsawo. Anka fashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na tashi na kama shi a ƙugu, na ɗaga shi na aza bisa tulin buhunan gero.

Bai yi kokawar sauka ba, bai zage ni ba. Ya gyara hularshi, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Madalla, Mainasara. Yau na ga kasuwar ga tun daga wanga baki har wancan. In ka gama ka sauke ni, ana jirana wurin aiki."

Anka sake dariya, amma ko ni da ba ni da wayo lokacin na ji dariyar ta juya. Sa'idu, inda za ka akwai taron samari, kuma taron samari na son wanda za a yi wa dariya. Wata rana kai ne, wata rana wani ne. In kai ne, ka tuna yadda kawunka ya zauna bisa buhunan nan. In wani ne, kada bakinka shi shiga ciki, ko da shirun za shi sa su ce ba ka da fara'a.

Shekara bakwai bayan haka fari ya sauko. Damina biyu a jere rumbuna ba su ga komai ba. Munka ci dusa, munka ci tafasa, mata sunka riƙa jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin shi fita. Gulbi ya koma rairayi. Rijiyoyinmu uku, biyu sunka ƙafe ƙaf, ta ukun, tsohuwar nan ta gindin tsamiya, sai a daɗe ana jira kafin guga ta fito da rabin ruwa rabin laka.

A bakin rijiyar nan na nuna halina. Da na taho sai in sa kafaɗa in buɗe hanya, ba wanda ke iya tanka mini. Wata safiya na ture wata tsohuwa, Iya Kulu, tulunta ya faɗi ya fashe. Shi ke nan tulun da ta mallaka. Ta tsuguna tana tsintar gutsattsarin, ni kuwa na cika nawa na wuce. Na gaya wa kaina ina da mata da 'ya'ya. Gaskiya ne ina da su. Amma ita ma tana da jikoki uku a ɗaka. Ka kiyayi irin wanga uzuri, ɗana. Uzurin da ya fi kai mutum ga ɓarna shi ne wanda ke da gaskiya a ciki, don shi ne ba ka jin nauyin faɗa.

Cikin kwanakin nan wani makiyayi ya gangaro daga arewa da iyalinshi da 'yan shanu tara da sunka rage mishi, duk ana ƙirga haƙarƙarinsu. Sambo sunanshi. Shi ne mutum na farko da na taɓa ɗaga kai don in dubi idonshi. Dogo ne ƙwarai, ga faɗin kafaɗa, duk da yunwa ta zabge shi. Ganinshi kaɗai ya ɓata mini rai. Da ya matso da gugarshi na tare shi, na ce, "Mutane ba su sha ba sai shanu?" Na buɗe ƙirji ina so shi ce wani abu in kayar da shi gaban jama'a.

Ya dube ni, ya dubi matan da ke jira da tuluna, ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Mutane su fara sha." Ya kora shanunshi can ƙarƙashin gawo, bayan gari. Na koma ina cewa duk tsawon banza ne, tsoro ya ji.

Da abin ya ƙi, maigari ya aika Isa anka kira kawunka. Ya taho a ƙasa, da dagi da kwando da igiya biyu. Ya leƙa rijiyar ya daɗe, sannan ya ce akwai ruwa ƙarƙashin marmara, amma sai an fasa ta, kuma gefen rijiyar ya tsufa, shina iya zubowa. Gindinta ya tsuke ƙwarai, ban da mai jiki irin nashi babu wanda za shi iya juyawa a ciki. Maigari ya tambaye shi abin da za a ba shi. Ya ce, "Ƙanwata na shan ruwan garin nan. A ba ni mai riƙe igiya kawai." Ya juyo ya nuna ni. "Mainasara za shi riƙe."

Igiya ɗaya ta kwando ce, a fiddo ƙasa da ita. Ɗayar tana ɗaure a ƙugunshi, an gitta ta bisa itacen bakin rijiya, ƙarshenta na hannuna. Ya ce mini, "In ka ji na ja sau biyu, kada ka tambaya, ka fiddo ni." Kwana huɗu muna haka. Shi shiga da hantsi, shi fito azahar shi yi salla, shi koma. Abin da shike ci bai wuce ɗan kunun dusa ba. Daga sama ba ka ganinshi, sai ƙarar dagi da wata 'yar waƙa da shike yi ƙasa-ƙasa.

Rana ta biyar, wajen walaha, wani ya shigo gari a guje ya ce motar jar dawa ta agaji ta iso Sabon Birni, wanda bai je da wuri ba ba shi samu. Nan take bakin rijiya ya watse. Na tsaya da igiya a hannu ina kallon bayan mutane. Na tuna kai da Bawa, yadda kuke kwana kuna juyi. Na tuna cewa wurin turereniya babu wanda ya kai ni. Na ce a raina kwana huɗu ba abin da ya faru, yau ma haka. Akwai dattijai biyu zaune a inuwa, waɗanda ba su da ƙarfin tafiya. Na miƙa musu igiyar na ce su riƙe mini. Ko leƙawa ban yi na gaya wa kawunka ba, don na san abin da nike yi.

Na samo rabin buhu. Da la'asar na dawo da shi a kai ina jin kaina gwarzo, sai na hango taro gindin tsamiya.

Ga abin da anka gaya mini. Ban daɗe da tafiya ba gefen rijiyar ya zubo, ƙasa ta binne kawunka har ƙirji. Ya ja igiya sau biyu. Dattijan nan sunka ja, ko motsi. Sunka yi ta kururuwa, gari kuwa ba maza. Sambo ne ya jiyo daga ƙarƙashin gawo ya sheƙo. Ya naɗe igiyar a ƙugunshi da damatsanshi, ya leƙa ya ce, "Baba, gaya mini yadda za ni ja." Kawunka na can ƙasa shina tone ƙasar da hannu, shina ce mishi ja kaɗan, tsaya, ja kaɗan. Da an fizge shi da ƙarfi da ya rabu biyu, da an yi sanyi da sauran gefen ya rufe shi. Haka mutumin da na kora ya riƙa ja da baya taku ɗaya ɗaya, igiya na cin naman tafinshi, har kan kawunka ya bayyana. Ƙafarshi ta hagu ta karye ƙarƙashin gwiwa. Ɗingishin da ka taso ka iske shi da shi ke nan. An gaya maka rijiya ce ta rufta mishi. Ba a gaya maka wanda ya saki igiya ba.

Na kutsa cikin taron da buhu a kaina. Kawunka na kwance bisa tabarma, mai ɗori na ɗaure ƙafar da karare, gumi na zubo mishi. Sambo na gefe an naɗe mishi hannuwa da tsumma. Maigari ya taso mini, ya ce, "Kai, Mainasara, da wane ido..."

Kawunka ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na ce shi tafi. Yara na jin yunwa." Ya dube ni. "Ka samo? Alhamdu lillahi. Kai wa Rabi ta dafa musu."

Na taɓa shan kaye sau biyu a fage, gaban dubban mutane, amma ban san abin da ake ce wa kaye ba sai ran nan. Na tsaya tsakanin mutum biyu, ɗaya da ƙyar ya kai hammatata, ɗaya ya ɗara ni da kai guda, ni kuwa a tsakiya ba ni da abin da za ni gwada da ko ɗayansu. Da ƙanƙanta ke kawo kirki da Sambo bai sheƙo ba. Da girman jiki ke kawo shi da ban saki igiyar ba. Saboda haka kada ka juya kuskurena ka ce ƙatti duk fanko ne, gajeru duk waliyyai. Na san gajerun da ba su da imani. Ka jira ka ga abin da mutum ke yi ran da anka ba shi amana kuma wani abin so ya gitta ta gabanshi. Kai ma ran nan za ka san kanka.

Bayan kwana goma sha biyu kawunka ya ce a ɗauke shi a kai shi bakin rijiya. Mai ɗori ya ce ƙashi bai kama ba. Ya ce, "A zaune nike haƙa, ba da ƙafa ba. Na ji sanyin marmarar nan a hannuna kafin ta zubo, ruwa na kusa. In munka jira ƙafata, sai mun binne yara." Anka tokare gefen da itatuwa yadda ya nuna. Da anka zo ɗaura mishi igiya ya ce, "Ina Mainasara?"

Na durƙusa gabanshi, na ce, "Yaya, ba ni ba. A ba wani." Ran nan na fara kiranshi haka.

Ya ce, "Hannun Sambo bai warke ba, kuma duk garin nan babu mai ƙarfinka. Ƙarfin nan Allah ya ba ka don wani abu. Kama."

Na kama. Kwana uku, ko ƙuda ya sauka mini a ido ba ni sakin hannu in kore shi. Rana ta uku kafin azahar kwando ya fito da yashi jiƙe sharkaf. Can sai munka ji muryarshi daga ƙasa shina kabbara, ya ce a sauko da ƙwarya. Ta fito cike da ruwa garai-garai. Mata sunka ɗauki guɗa, maza na kuka ba kunya. Ya ɗaga murya ya ce a ba Iya Kulu ta fara sha. Ashe labarin tulun ya kai kunnenshi, bai taɓa nuna mini ba.

Da munka fiddo shi ya ce wa maigari abu ɗaya shike roƙo, a kafa komi bakin rijiya, in mata sun gama ɗiba a shayar da dabbobin baƙi. Ni na riƙa ja wa shanun Sambo ruwa har damina ta faɗi. Huɗu sunka rayu. Ɗaya ta haihu, kuma kullum safiya matarshi na kawo 'yar ƙwaryar nono gidanmu ta ce ta yara ce. Kai ka fi kowa shan nonon nan. Na sayo wa Iya Kulu tulu, ta karɓa ta ce Allah shi shirye ni. Da ciyawa ta fito Sambo ya koma arewa. Na raka shi har bayan gari ina ta neman yadda za ni roƙi gafara, shi kuwa sai zancen shanu shike yi. Ban sake ganinshi ba. In ka zalunci mutum ka faɗa mishi da bakinka tun shina gabanka, kada ka yi irin tawa.

Za ka ce wanda ya ga wanga duka ya warke. Ban warke duka ba, kuma nan ne na fi jin nauyin rubutawa. Da kunka taso, Bawa ya ɗauko jikina, kai ka ɗauko na dangin innarka. Ina sane nike ɗaukar Bawa zuwa kallon kokawa in bar ka gida. In baƙi sunka zo shi nike fara nunawa. Sau ɗaya, kana ɗan shekara goma, ka kasa ɗaga damin gero, na ce maka Guntu. Ka aje damin ka dube ni, ka sake kamawa har ka kai shi rumbu a ja. Ba ka san sunan da nauyinshi ba, ni na sani. Ka yafe mini, Sa'idu. Shekarun nan ina kallonka. Kai ke karanta wa makwabta takardunsu ba ka fita da sirrin kowa. Kai ka raba abincinka na makaranta da ɗan ajinku wata uku ba ka faɗa ba, sai daga bakin ubanshi na ji. In ka tsaya gaban aji wata rana, yaran da sunka fi ka tsawo za su gwada ka. Kada ka nemi cike tsawo da bulala ko da tsawa. Kuma ka lura da yaron da ake turewa baya.

Kafin in fara wagga takarda na ga bai dace ka san abin da innarka ba ta sani ba. Shekaranjiya tana tankaɗe a tsakar gida na zauna kusa da ita, na ce, "Rabi, akwai maganar da na ɓoye miki shekara goma sha uku. Ran da rijiya ta rufta wa Yaya, ba shi ya ce in tafi ba."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ran nan. Yaya bai iya ƙarya ba, in ya yi ta sai shi kama sosa kunne. Da na kai mishi kunu na tambaye shi, ya ce in na kuskura na tada maka maganar, ba shi ba ni. Ya ce kunyar da ya gani a fuskarka ta isa, in anka ƙara maka za ka karye, shi kuwa shina bukatar mai riƙe igiya." Ta buga rariyar a tafinta, ta ce, "Jiranka nike ka faɗa da kanka. Ka daɗe, amma ka faɗa."

In anka ba ku hutu, kada ka wuto gida kai tsaye. Ka sauka Isa ka kwana wurin kawunka. Bana ma garuruwa na ta aiko mishi, ya tsufa da shiga, amma a kan ɗauke shi a jaki shi je shi nuna inda za a haƙa. Ka gaya mishi ka san labarin. Za shi ce na cika surutu.

Allah shi tsare ka a hanya da masauki. Allah shi kiyashe ka daga sharrin mutane da sharrin zuciyarka, shi ba ka ilimi mai amfani, shi sa ka zama wanda ake ba amana a kwanta da rai. Ka riƙe salla, ka ci abinci ko ba daɗi, ka rubuto wa innarka. Allah shi ba mu ruwa mai albarka, shi maido mana kai lafiya. Amin.

Ni ne ubanka,
Mainasara, Tsamaye.